Idan Aiki Ya Tsaya, Wa Zai Riƙe Gida?

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:
1. bayyana abin da ake nufi da kariyar al'umma da inshorar rashin aiki;
2. faɗin abin da asusun CNSS yake biya da abin da ba ya biya;
3. lissafa kuɗin sallamar ma'aikacin da aka sallama ba da laifinsa ba;
4. bambance rashin aikin mutum ɗaya da rashin aikin gari baki ɗaya, da maganin da ya dace da kowanne.

1. GARIN DA KE CI DAGA HANYA

Wani abincin Gaya daga gona da kogi yake fitowa, wani kuma daga hanya. Lokacin da hanya take buɗe, kayan da jirgi ya sauke a tashar Kwatano ta ƙasar Binin suna hawa manyan motoci, su bi ta Paraku da Kandi, su iso Malanbil, su haye gadar kogin Isa su shigo mana. Daga nan wasu su miƙe Dosso da Yamai, wasu kuma, irin dilolin gwanjo, su karkata zuwa Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Kowace motar da ta tsaya tana ciyar da bakuna da yawa: direba da yaron mota, mai cika takardun duwan, 'yan dako, mai gadi, mai faci, mai shayi, mai tuwo, ɗan kabu-kabu, mai canjin naira da sefa.

Sau biyu cikin 'yan shekaru hanyar ta toshe. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Da ta buɗe guda huɗu a Disamban 2020, Kamba ba ta ciki, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba a jima da yin numfashi ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai. Ranar 30 ga wannan wata ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, gada ta rufu, motoci suka yi dogon layi a Malanbil. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Binin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Nijar suka bar nasu a rufe bisa dalilin tsaro, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso. Masu kwale-kwale sun samu ciniki wajen ƙetarar da mutane da ƙananan kaya, sai dai abin da tirela take ɗauka ya fi ƙarfin kwale-kwale.

Cikin waɗanda suka rasa abin yi, babu wanda lalaci ya jawo masa. Sun kwana da sana'a, suka tashi babu ita, kuma shawarar da ta raba su da ita a wasu manyan birane aka yanke ta. Haya ba ta tsaya ba, kuɗin cefane bai tsaya ba, ciwon yaro bai jira a buɗe gada ba.

AKWATIN MA'ANA
Marar aiki: mutumin da ya kai shekarun aiki, ba shi da aikin da ke kawo masa kuɗi, yana nema, kuma a shirye yake ya fara.
Ƙarancin aiki: halin wanda yake ɗan taɓa aiki, amma kwanakin ko kuɗin ba su isa su riƙe shi ba.

Ku lura da ma'ana ta biyu, domin ita ce ta fi yawa a cikinmu. Talaka ba ya iya zama jiran aiki. Ɗan dakon da ya rasa mota zai tura kura, ko ya yi ƙwadago a fadamar shinkafa kwana biyu a mako. A takardar masu ƙidaya yana da aiki, a gidansa kuwa tukunya ba ta hawa wuta kullum. Shi ya sa adadin marasa aiki a ƙasashe irin namu yakan fito ƙarami a lissafin hukuma, alhali wahala tana da yawa.

2. MENE NE KARIYAR AL'UMMA?

AKWATIN MA'ANA
Kariyar al'umma: tanadin da ƙasa take yi bisa doka domin kada mutum ya faɗa cikin yunwa da ƙasƙanci idan samunsa ya yanke saboda ciwo, haihuwa, haɗarin aiki, tsufa, mutuwar mai riƙe da gida, ko rashin aiki.

Kuɗin wannan tanadi ta hanya biyu yake zuwa. Ko dai ma'aikaci da mai ɗaukar aiki su riƙa zubi kowane wata, wanda ya zuba shi ne mai haƙƙi. Wannan ita ce inshora. Ko kuma gwamnati ta ɗebo daga haraji da taimakon abokan hulɗa ta ba mabuƙata ko da ba su taɓa zubawa ba. Wannan shi ne tallafi.

A 1952 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 102, wadda ta lissafa rassa 9 na wannan kariya. Nijar ta amince da ita a 1966, amma ta ɗauki rassa huɗu ne: tsufa, haɗarin aiki, tallafin iyali da haihuwa. Reshen rashin aiki ba ya cikin waɗanda ta ɗauka.

3. YADDA INSHORAR RASHIN AIKI TAKE TAFIYA

AKWATIN MA'ANA
Inshorar rashin aiki: asusun da ake zuba wa wani ɗan kaso na albashi lokacin da mutum yake aiki, domin a biya shi wani ɓangare na albashinsa na 'yan watanni idan ya rasa aikin ba da son ransa ba, muddin yana neman wani.

Abin ya yi kama da rumbun tsimi na gari: kowa ya zuba tiyarsa da kaka, wanda hatsinsa ya ƙare kafin sabon amfani ya zo ya auna. Birtaniya ce ta fara wajabta irin wannan asusu a 1911. A nahiyarmu ƙasashen da suke da shi 'yan kaɗan ne. A Afirka ta Kudu ma'aikaci yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 1, kuma tun 2003 masu aikatau a gidaje suna ciki. Aljeriya ta kafa nata asusun a 1994. Maroko ta fara a ƙarshen 2014, tana biyan kashi 70 cikin 100 na albashi har wata 6, amma kada ya wuce albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar. A duniya baki ɗaya, rahotannin Ƙungiyar Ƙwadago sun nuna ko mutum 1 cikin 5 na marasa aiki ba ya samun irin wannan kuɗi.

Misali na 1. A ce ma'aikata 100 ne, kowanne albashinsa sefa 60,000. Kowa ya zuba kashi 1, wato 600, mai gida ya ƙara 600.
Zubin mutum ɗaya: 600 + 600 = 1,200.
Zubin mutum 100 a wata: 1,200 × 100 = 120,000.
Idan za a ba wanda ya rasa aiki rabin albashi, wato 30,000, asusun zai riƙe mutum nawa a wata? 120,000 ÷ 30,000 = mutum 4.

To, yanzu a ce gada ta rufu, mutum 40 suka rasa aiki rana ɗaya. Abin da ake buƙata a wata: 30,000 × 40 = 1,200,000. Ko da an shekara ana tarawa ba a taɓa ko dala ba, abin da ke cikin asusu 120,000 × 12 = 1,440,000 ne. Wata ɗaya da kwana 6 ya ƙare ƙaf. Kuma waɗanda suka rage suna zubi sun koma 60.

Wannan lissafi shi ne zuciyar darasinmu, don haka a sake yin sa a kan allo har kowa ya gane. Asusu yana aiki ne idan masu zubi sun fi masu karɓa yawa nesa ba kusa ba. Idan dukkan masu zubin daga gari ɗaya suke, sana'arsu ɗaya, masifa ɗaya za ta kwashe su tare. Amma idan asusun na ƙasa ne gaba ɗaya, ranar da Gaya ta tsaya, mai aikin ma'adinai a Arlit da ma'aikacin matatar mai a Damagaram da na banki a Yamai suna nan suna zubi. Dole tanadi ya fi masifar faɗi.

Akwai wasu matsaloli biyu da suke hana ƙasashe masu tasowa kafa wannan inshora. Ta farko takarda: mafi yawan masu aiki a Nijar ba su da kwangila a rubuce, ba su da takardar albashi, don haka babu inda za a cire zubi, babu kuma shaidar ranar da aiki ya yanke. Ta biyu tantancewa: ta yaya ofis zai san wanda yake karɓar kuɗin rashin aiki ba ya kabu-kabu da dare? Ƙasashen da suka ci nasara sai da suka fara gina rajista mai ƙarfi da ofisoshin neman aiki. Waɗannan matsaloli na gaske ne, amma ba hujja ba ne ta naɗe hannu. Hujja ce ta farawa daga inda jama'a suke.

Wasu ɗalibai sukan tambaya ko addini ya yarda da inshora. Malamai da yawa sun bambanta inshorar kasuwanci, wadda kamfani yake neman riba da ita, da inshorar taimakekeniya, wadda mambobi suke tarawa don agazawa juna. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta ta taimakekeniya a zamanta na Jidda a 1985. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa.

4. ABIN DA MA'AIKACI MAI TAKARDA YAKE DA SHI A NIJAR

Nijar ba ta da inshorar rashin aiki. Amma ma'aikacin kamfani, shago, otel ko ofishin sufuri yana da haƙƙoƙin da da yawa ba su san da su ba.

Na farko rajista a asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965. Wajibi ne a kan mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa rajista, ba alfarma ba ce. Asusun yana biyan tallafin iyali da na haihuwa, kuɗin magani da diyyar haɗarin aiki, da fansho na tsufa, na naƙasa da na magada.

Misali na 2. Wani magatakarda a ofishin masu fitar da kaya yana karɓar 80,000 a wata.
Nasa zubin, kashi 5.25 cikin 100: 4,200.
Na mai gidansa, kashi 16.40 cikin 100: 13,120. A cikinsa 6,720 na tallafin iyali ne, 1,400 na haɗarin aiki, 5,000 na fansho.
Jimilla a wata: 4,200 + 13,120 = 17,320.
Ku duba da kyau: ko dala ɗaya a cikin wannan kuɗi ba ta rashin aiki ba ce. Idan ofishin ya rufe, CNSS ba za ta ba shi albashin zama ba. Sai dai watannin da ya zuba ba su ɓata ba, suna nan a lambarsa, za a haɗa su da na aikin gaba, domin fansho cikakke yana buƙatar shekara 60 da haihuwa da zubin wata 180.

Na biyu, ba a korar ma'aikaci haka kawai. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ta wajabta a ba shi wa'adin sanarwa ko kuɗin da ke madadinsa, a biya shi kuɗin hutun da bai ci ba, a ba shi takardar shaidar aiki.

AKWATIN MA'ANA
Kuɗin sallama: kuɗin da mai ɗaukar aiki yake biya sau ɗaya ga ma'aikacin da ya yi aƙalla shekara 1 a wurinsa, idan ya sallame shi ba don babban laifi ba.

Misali na 3. Yarjejeniyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta 1972 ta kafa wannan ma'auni ga wanda aka sallama shi kaɗai: kashi 20 na albashin wata ga kowace shekara daga ta 1 zuwa ta 5, kashi 30 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 35 bayan haka. A ce magatakardanmu ya shekara 7.
Shekara 5 na farko: 16,000 × 5 = 80,000.
Shekara 2 na gaba: 24,000 × 2 = 48,000.
Jimilla: 128,000.
Shekara 7 na aiki sun ba shi abin da bai kai albashin wata 2 ba. Yana da amfani, amma ba zai kai shi ƙarshen rufewar iyaka ta shekara guda ba. Kuma rauninsa babba shi ne daga aljihun mai gida yake fitowa, a daidai lokacin da shi ma mai gidan ciniki ya tsaya masa. Wanda aka sallama ya je wurin sufeton aiki na jihar Dosso kafin ya sa hannu a kowace takarda, domin shi ne zai tabbatar masa da ma'aunin da ya shafi sana'arsa, ya kuma sasanta shi da mai gida idan an samu saɓani.

Na uku hukumar ANPE, wadda take rajistar masu neman aiki tana haɗa su da masu ɗauka. Ba ta biyan kuɗin zama. A tuna kuma, tun watan Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar ya tashi daga 30,047 zuwa 42,000.

Masu 'yan'uwa a Kamba su sani: a Najeriya ma babu wannan inshora, amma dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya yi wata 4 babu aiki ya ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara a asusun fanshonsa.

5. WANDA BA SHI DA TAKARDA FA?

Ɗan dako, mai tuwo da ɗan kabu-kabu ba su shiga duk abin da muka lissafa a sama ba, kuma su ne suka fi yawa. Abin da zai iya kai musu shi ne tallafi.

A 2011 Nijar ta fitar da manufar ƙasa ta kariyar al'umma, ta kuma fara shirin tallafin gidaje matalauta tare da Bankin Duniya. Dosso tana cikin jihohi 5 na farko, tare da Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. A zangon farko an riƙa ba gida jika 10 a wata har wata 24, a hannun uwargida, jimilla 240,000. Zango na gaba na shirin shi ne aka sa wa suna Wadata Talaka. Akwai kuma aiki don kuɗi, inda ake biyan mutane kullum su farfaɗo da ƙasar da ta mutu ko su gyara hanya, da hatsin da hukumar OPVN take sayarwa da rahusa lokacin tsadar abinci.

Waɗannan shirye-shirye an gina su ne da tunanin fari da talaucin karkara. Ba a gina su don garin iyaka da ciniki ya yanke masa dare ɗaya ba. Kuma shiri ne mai wa'adi, wanda ya dogara ƙwarai da kuɗin waje, ba haƙƙi ba ne da mutum zai je ya nema. Indiya ta gwada wata hanya: dokarta ta 2005 ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara da kuɗin gwamnati. Wanda yake da abin yi ba zai zo haƙa da ɗaukar ƙasa ba, don haka aikin da kansa yake tace mabuƙata, ba sai an nemi takardar albashi ba. A ganina irin wannan ya fi dacewa da Gaya fiye da kwaikwayon tsarin Turai. Aikin yi kuwa ba ya ƙarewa a nan: magudanan ruwa, kare gaɓar kogi daga ambaliya, gyaran fadamun noman rani.

6. ABIN DA KE HANNUNMU

Tun kafin hukuma muna da namu tanadin: adashe, asusun ƙungiyar sana'a, zakka, taimakon dangi, cin rani. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, sun ƙara wani abu mai kyau a kan adashe: ban da akwatin ajiya da rance, suna ware ƙaramin asusun agaji don ranar ciwo ko rasuwa.

Misali na 4. 'Yan kabu-kabu 50 a tasha ɗaya suka amince kowa ya zuba sefa 100 a rana, kwana 26 a wata.
A rana: 100 × 50 = 5,000. A wata: 5,000 × 26 = 130,000.
Idan babur ɗin mutum ya lalace ko shi kansa ya karye a ƙafa, za a iya ba shi 1,000 kullum har kwana 30, wato 30,000. Asusun zai ɗauki mutum 4 a wata, a yi saura 10,000.

Wannan asusu maganin rashin aikin mutum ɗaya ne, kuma yana da kyau kowace tasha ta kafa shi, da littafin rubutu, da ma'aji biyu, da ƙa'idar da kowa ya ji ya yarda. Amma kun ga abin da misali na 1 ya nuna. Ranar da fasinja ya ɗauke wa mutum 50 gaba ɗaya, zubi zai tsaya a daidai lokacin da kowa yake son karɓa. Haka adashen matan kasuwa yakan watse idan ciniki ya mutu. Don haka ƙungiya mai hangen nesa takan ware wani kaso da ba a taɓawa sai a babbar masifa, ta ajiye shi a banki ko asusun ajiya mai rajista, ta kuma haɗa kai da takwarorinta na Dosso da Dogon Dutsi, waɗanda ba lallai matsala ta same su rana ɗaya ba. A gida ma haka ne: idan mai gida yana aikin tasha, uwargida tana sayar da abinci a tasha, ɗa yana dako a tasha, hanyar samu ɗaya ce ko da mutum uku ne suke fita. Gidan da ya haɗa da lambu, kiwo, su ko ɗinki ya fi jure rufewar iyaka.

Abin da ya fi ƙarfin ƙungiya kuwa, nauyin ƙasa ne, kuma ƙungiyoyin sana'a da na ƙwadago su ne bakin da zai kai wannan buƙata gaban magajin gari da hukumomin jiha.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin marar aiki da mai ƙarancin aiki? Kawo misali daga unguwarku.
2. Ta wace hanya inshora ta bambanta da tallafi wajen samun kuɗi?
3. Faɗi abubuwa uku da CNSS take biya. Shin tana biyan wanda ya rasa aiki albashin zama?
4. Mai gadi yana karɓar 50,000 a wata. Nawa ne nasa zubin na kashi 5.25 cikin 100?
5. An sallami direba mai albashin 100,000 bayan shekara 8, ba da laifinsa ba. Lissafa kuɗin sallamarsa da ma'aunin misali na 3.
6. Mata 30 suna zuba sefa 250 kowane mako a asusun agaji. Nawa za su tara a mako 52?
7. Me ya sa asusun gari ɗaya yake kasawa idan aka rufe iyaka, alhali na ƙasa baki ɗaya zai iya jurewa?
8. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi sana'a ɗaya ta Gaya, ya rubuta ƙa'idoji 5 na asusun agajinta: nawa za a zuba, wa zai riƙe kuɗi, wa ya cancanci karɓa, har kwana nawa, da kason da za a ware don babbar masifa.